Tarihin Marigayi Umaru Ganda, Sojan Da Ya Mai Da Labarin Yaƙinsa Silima

Duk mutumin da ya baro Arewa ya zo Kurmi neman abinci ya san akwai wata rana da ta fi sauran ranaku nauyi a zuciyarsa, watau ranar komawa gida. Tun yana Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Badun, yake ta lissafinta: turmin atamfa nawa zai riƙa, wa zai ba, wa zai hana, me kuma mutanen gari za su ce in sun gan shi ya sauka daga mota da 'yar jaka ɗaya tak. To, a kan wannan rana ce wani mutumin Jamhuriyar Nijar, marigayi Umaru Ganda, ya shirya fim ɗinsa na fari a cikin shekarar 1968. Sunan fim ɗin Cabascabo. Labarin soja ne da yaƙi, ga bindiga ga harsashi, amma wurin da ya fi taɓa zuciya a cikinsa shi ne bayan sojan ya ajiye bindiga ya koma garinsu.

Umaru Ganda kuwa ya san abin da yake faɗi. Shi kansa ya yi soja, ya yi yaƙi a ƙasar da ba tasa ba, ya komo gida ya rasa aiki, sa'an nan ya gangara bakin teku ya yi dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Daga nan ne Allah ya ɗaukaka shi, har aka san sunansa a Faris da Mosko da Wagadugu. A takardun Faransanci ana rubuta sunan nasa Oumarou Ganda. Ga tarihinsa.

HAIHUWARSA DA SHIGARSA SOJA

An haifi Umaru a birnin Yamai a cikin 1935. Bazabarme ne. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, Yamai ma ba ta daɗe da zama hedkwata ba, gama sai a 1926 ne Faransawa suka ɗauke mazaunin Gwamna daga Damagaram suka kawo shi nan bakin kogin Kwara. A nan Umaru ya tashi, a nan kuma ya yi makarantar firamare ta Faransanci.

A zamanin nan hanyoyin da ke gaban yaron da ya gama firamare ba su da yawa. In ya yi sa'a ya sami aikin akawu ko masinja a ofishin Bature. In bai samu ba, sai leburanci, ko ci-rani zuwa Gwalkwas, ko kuwa soja. Umaru ya zaɓi soja. A cikin 1951, yana da shekara 16 kacal, ya sa kaki. Faransawa suna kiran dukan baƙaƙen sojojinsu da sunan sojan Sanagal, ko da mutum bai taɓa taka ƙasar Sanagal ba. Bazabarme da Bahaushe da Bamoshe da Bambara duk suna ɗaya aka ba su. Ba a jima ba aka sa shi cikin rundunar da Faransa ta keɓe domin yaƙin Gabas Mai Nisa, aka zuba su a jirgin ruwa sai ƙasar Indoshin.

YAƘIN INDOSHIN

Indoshin ita ce yankin da ya ƙunshi ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yanzu. Faransa ta daɗe tana mulkinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Biyetnam, a ƙarƙashin shugabansu Ho Chi Minh, suka ce sun gaji, suna son mulkin kai. Faransa ta ƙi. A ƙarshen 1946 yaƙi ya ɓarke. Gwamnatin Faransa ba ta aika da samarin da take tilasta wa aikin soja a cikin ƙasarta ba, domin tana tsoron surutun iyayensu. Sai ta dogara ga waɗanda soja ce sana'arsu, da sojan haya, da mutanen Maroko da Aljeriya, da 'yan ƙasar ta Indoshin, da kuma dubban baƙaƙen Afirka irin su Umaru.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutumin Nijeriya ta Arewa. Tsakanin 1943 da 1945 Ingila ma ta kwashi samari daga nan ta kai su Bama suka yaƙi Japan. Garuruwa da yawa, har da na kudancin Zazzau daga Kauru zuwa Kafanchan, sun san mazan jiya, sun kuma san irin labarin kurmi da ruwan sama da sauro da suka komo da shi. Abin da ya bambanta shi ne, mazan Bama sun komo an ce su ne suka ci nasara. Su Umaru kuwa an kai su ne su murƙushe talakawa masu neman abin da Afirka ma take nema, watau 'yanci, sa'an nan kuma aka ci su da yaƙi.

Umaru ya yi shekara biyu a can, cikin fadamun shinkafa da taɓo, inda abokin gaba ba ya tsayawa a fili a gan shi. Da rana manomi ne, da dare soja. Ran 7 ga watan Mayu na 1954 babban sansanin Faransa na Dien Bien Phu ya faɗi a hannun Janar Giap, bayan an kewaye shi kusan wata biyu. A watan Yuli aka sa hannu a takardar sulhu a Janiba, Faransa ta tattara nata ya-nata. A cikin 1955 aka sallami Umaru daga soja, yana ɗan shekara 20.

Ya komo Yamai, ba kiɗa ba guɗa. Aiki kuwa ya nema har ya gaji. A cikin fim ɗin da ya fara fitowa daga baya an ba da labari cewa mahaifinsa ma ya kore shi daga gida, wai don an ci su da yaƙi. Ita Faransar da suka yi wa bauta ba ta yi wa irinsu kyakkyawar sakayya ba. A watan Disamba na 1959 ta kafa doka ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da za su sami mulkin kai, ya zamana na Bafaranshe yana ƙaruwa kowace shekara, na baƙar fata yana tsaye wuri ɗaya. Sai bayan shekara ta 2000 aka shiga gyara wannan zalunci, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

DAKO A ABIJAN

Da zama ya gagara, Umaru ya yi abin da dubban samarin Nijar suke yi, ya nufi kudu. Ya sauka a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Garin yana cikin tashe a lokacin, domin a 1950 aka gama haƙa wata babbar hanyar ruwa da ta haɗa tafkin Abijan da teku, manyan jiragen ruwa suka sami damar shigowa har cikin gari. Ga kofi, ga koko, ga katako, duk ana lodi zuwa Turai. Lodi kuwa sai da ƙarti, ƙartin nan kuma yawancinsu baƙi ne daga arewa.

Ruwa ya raba Abijan biyu. A tsallake ɗaya akwai unguwar Filato, inda Turawa da bankuna da manyan kantuna suke. A ɗaya tsallaken akwai Treichville, wadda ake kira Tireshbil, unguwar baƙi da lebura da 'yan tireda da matan zaman kansu. Nan Umaru ya zauna. Wanda ya san tsakanin Ikoyi da Ajegunle ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kullum da asuba sai ya ƙetare ruwa ya je ya tsaya a bakin ƙofa tare da sauran lebura. In an ɗauke shi, ya yi dako a biya shi na yini. In ba a ɗauke shi ba, ya komo da yunwarsa. Mutumin da ya iya karatu da rubutu, ya ga teku ya ga Asiya, ga shi yau buhu ne a kansa.

HAƊUWARSA DA JAN RUSH

Ana nan sai ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, ana faɗin sunan Jan Rush. Shi Rush injiniya ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 wajen aikin hanya, daga baya ya koma binciken al'adun Zabarmawa da Sangayawa, yana ɗaukarsu a fim. A wannan lokaci yana bin sawun 'yan ci-ranin Nijar da ke gangarowa Gwalkwas da Kwaddibuwa, yana son ya san yawansu, da inda suka fito, da abin da suke samu. Da yake Umaru yana jin Faransanci da harshen gida, sai Rush ya ɗauke shi aikin tambayoyi da ƙidaya.

Da suka saba, shawara ta zo a yi fim a kan zaman samarin Tireshbil, su samarin su fito da kansu, kowa ya yi abin da ya saba yi. A cikin 1957 aka ɗauki hoton. Samarin nan ma'abota silima ne, kowannensu ya ari sunan wani tauraro. Umaru ya zama Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka. Abokinsa mai tallan yadi ya zama Eddie Constantine, direban tasi ya zama Tarzan, budurwar da suke so kuma Dorothy Lamour.

Kyamarar Rush 'yar ƙarama ce, da hannu ake wana ta, ba ta kuwa ɗaukar murya. Saboda haka sai da aka gama haɗa hotuna, sa'an nan aka zaunar da Umaru a gaban makirfo, ana nuna masa fim ɗin yana magana a kai yadda ta zo masa. A nan ne baiwarsa ta fito. Ya yi ba'a, ya yi kuri, ya yi ƙorafin tsadar abinci da ƙarancin lada, ya yi mafarkin zama zakaran damben duniya, ya yi mafarkin gida da mota da mata. An ga ranar Asabar ta rawa da shaye-shaye, an ga Lahadi, an ga Litinin da ta mai da kowa bakin buhunsa. An ga wani Bature ma'aikacin jirgin ruwa ya ƙwace masa budurwa don ya fi shi kuɗi, suka yi dambe a titi. Can wajen ƙarshe, yana tafe a bakin ruwa tare da wani yaro, sai ya shiga kwatanta masa yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa, yana rarrafe, yana jifa da gurnetin da babu shi, yana ambaton abokan da suka mutu.

Fim ɗin ya fito a 1958 da sunan Moi, un Noir, watau Ni Baƙar Fata. Ya sami babbar kyautar nan ta Louis Delluc a Faransa, samarin masu shirya fim na Faris kuma suka ɗauke shi abin koyi. To, amma sunan da aka rubuta a matsayin mai fim na Rush ne. Rayuwar ta Umaru ce, muryar tasa ce, yabon kuwa ya tafi Faris. Daga baya Umaru ya nuna cewa akwai wuraren da bai gamsu da su ba, yana ganin an zuzuta wasu abubuwa, an kuma nuna shi yadda idon baƙo yake ganinsa. Bai yi gaba da Rush ba, har ma ya sake fitowa a wani fim nasa mai suna Babatu a 1976. Sai dai ya riga ya gane abin da Hausawa suka daɗe da faɗi, cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

KOMAWA YAMAI

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga watan Agusta na 1960, Diori Hamani ya zama shugaban ƙasa. Kafin wannan lokaci ba abu ne mai sauƙi ba baƙar fata ya riƙe kyamara a ƙasashen Faransa, gama tun 1934 akwai dokar da ta ce ba mai ɗaukar fim sai da iznin Gwamna, sai kuma an duba abin da zai ɗauka. Da mulkin kai ya zo, ƙofa ta ɗan buɗe.

Umaru ya koma Yamai ya sami aiki a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, yana taimakon masu aikin na'urori. A cibiyar akwai wata ƙungiya ta samari masu sha'awar silima, inda ake koya musu riƙon kyamara, da auna haske, da yanka fim a haɗa shi. A nan ya ƙware. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Mustafa Alasan, wanda ya riga shi farawa tun 1962, akwai kuma Zalika Sule, yarinyar da ta yi ƙarfin halin fitowa a fim a zamanin da ake ganin yin haka zubar da mutunci ne ga 'ya mace. Waɗannan mutane, da kayan aiki na aro da kuɗi ƙalilan, su ne suka sa Nijar ta shiga sahun gaba na silimar Afirka a shekarun nan.

A cikin 1968 cibiyar ta sa gasar rubuta labarin fim. Umaru ya zauna ya rubuta abin da ya fi sani duk duniya, watau labarin sojan da ya komo daga Indoshin.

LABARIN CABASCABO

Cabascabo fim ne na minti 45, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci. Sunan laƙabi ne, ana fassara shi da gagarau, wanda ba ya jin wuya. Umaru ne ya rubuta, shi ya shirya, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan.

Ga yadda labarin yake. An sallami Cabascabo daga soja, ya sauka a garinsu da kuɗin sallama a aljihu. Nan da nan gari ya ɗauka. 'Yan'uwa da abokai da maroƙa suka yi masa caa, kowa yana kiransa namijin duniya. Ana zaune ana ci ana sha da kuɗinsa, shi kuwa yana ba su labarin fagen fama, fim ɗin yana komawa baya yana nuna abin da ya faru: tafiya cikin ruwa da ciyawa, harbi daga inda ba a zata ba, aboki ya faɗi a bar shi nan, da irin wulakancin da baƙin soja yake sha a hannun manyansa. Masu sauraro suna ta jinjina masa, amma idonsu yana kan aljihunsa. Akwai kuma wata mace mai zaman kanta, Hawa, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, ita ma tana cin rabonta.

Kuɗi kuwa ba su da tushe. Ran da suka ƙare, taro ya watse. Waɗanda jiya suke rantsuwa da sunansa yau sun gan shi sun kau da kai. Ya fita neman aiki, ba abin da ya samu sai leburanci, a garin da kwanan baya ake yi masa kirari. Lambar soja ba ta sayen hatsi, labarin Indoshin kuma kowa ya gaji da ji. A ƙarshe Cabascabo ya haɗiye girman kai, ya juya wa birni baya, ya nufi ƙauye domin ya kama noma.

Abin lura a nan shi ne Umaru bai ɗora laifin duka a kan Faransa ba, ko da yake bai rufa mata asiri ba. Ya nuna Baturen da ya kwashi yaro ya kai shi yaƙin da ba ruwansa. Ya nuna 'yan gari masu cin guminsa. Ya kuma nuna sojan kansa, da son a sani, da kunyar a ce ba shi da shi, wadda ita ce ta sa ya yi ta rabo har ya tsiyace. Bature mai kyamara zai iya ganin na farko. Na biyu da na uku kuwa sai ɗan gida, wanda abin ya ci shi. Tsohon soja mai gadi a Apapa, da ɗan dakon da ya taɓa kai kuɗin shekara gida suka narke a mako uku, ba sai an fassara musu Zabarmanci ba kafin su gane Cabascabo.

Fim ɗin ya yi farin jini a waje. A 1969 aka zaɓe shi aka nuna a babban bikin finafinai na Cannes a Faransa, a wannan shekara kuma ya sami lambar yabo a bikin Mosko, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Tsohon leburan Abijan ya zauna kujera ɗaya da manyan masu shirya fim na duniya.

Ba a Nijar kaɗai aka ga irin wannan ba. A ƙasar Bangaladash, bayan yaƙin da ya raba ta da Pakistan a 1971, wani mai suna Chashi Nazrul Islam ya shirya fim da harshen Bengali a 1972, mai suna Ora Egaro Jon, watau Su Goma Sha Ɗaya, yawancin waɗanda suka fito a matsayin mayaƙa kuwa mutanen da suka yi yaƙin ne da hannunsu. A Sanagal ma Usman Sembene, wanda shi ma ya yi sojan Faransa ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai, ya fito da Camp de Thiaroye a 1988, a kan baƙaƙen sojan da Faransa ta harbe ran 1 ga Disamba na 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Sai dai Umaru ya riga su duka, ya kuma bi sojan har ƙofar gidansu.

SAURAN AYYUKANSA

Daga yaƙi Umaru ya juya kan zaman gida. Fim ɗinsa na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi. Labarin wani mai hali ne da ya komo daga Makka ana kiransa Alhaji, yana da mata biyu, amma ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi suka yi aiki, iyaye suka ba da ita, Garba ya bar gari da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu kishi ya rufe mata ido, ta yi niyyar kashe amarya a daren biki, sai ta yi kuskure ta kashe ƙawar amarya. Umaru Musulmi ne, bai taɓa addini ba. Waɗanda ya taɓa su ne masu fakewa da rawani da carbi su danne na ƙasa.

A cikin 1972 aka yi bikin finafinan Afirka da ake kira FESPACO a Wagadugu, babban birnin ƙasar da ake kira Bolta ta Sama a lokacin, Burkina Faso a yanzu. An fara bikin tun 1969, amma a 1972 ne aka fara ba da babbar kyauta, watau Ingarman Yennenga, mai ɗauke da sunan gimbiyar da Mosawa suke cewa ita ce kakarsu. Mutumin da ya fara karɓar wannan kyauta a tarihi shi ne Umaru Ganda, saboda wannan fim.

Bayan haka ya shirya Saïtane, watau Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da ya zama kawali tsakanin matar aure da wani attajiri. Na ƙarshe, wanda ya fi su tsawo, shi ne L'Exilé na 1980, watau Wanda Ya Yi Gudun Hijira. A cikinsa wani jakadan Afirka da ya bar ƙasarsa yake ba Turawa tatsuniya. Wani sarki ya ji wasu samari biyu, wa da ƙane, suna cewa in za a aura musu 'ya'yan sarki sun yarda a sare kansu bayan shekara. Sarki ya aura musu. Shekara ta cika, aka sare na farko. Na biyu ya gudu da matarsa, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta bar shi ba, sai da ya ba da ransa domin jama'arsa su tsira. Nufin Umaru a fili yake: a Afirka ta da, magana ita ce mutum, shugaban da ya saɓa alkawari kuwa ya kashe ƙasarsa. Ya faɗi wannan ne a zamanin da soja suke mulkin ƙasashe da yawa, har da Nijar, inda Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori tun watan Afrilu na 1974.

Duk da wannan suna, Umaru bai yi arziki da silima ba. A yawancin ƙasashen da Faransa ta mulka, wasu kamfanoni biyu na Faransawa ne suke riƙe da gidajen silima da rarraba finafinai, su kuwa sun fi son na kaboyi da na Indiya, waɗanda suke samowa da araha. A Nijeriya ma haka abin yake a hannun Kwarori. Shi ya sa saurayin Kano ko Kaduna na shekarun 1970 ya san taurarin Bombai ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa jin sunan maƙwabcinsa na Yamai ba. Kafin Umaru ya tara kuɗin fim ɗaya sai ya yi shekaru yana faɗi-tashi.

RASUWARSA

Yana cikin shirin wani sabon aiki ciwon zuciya ya kama shi. Ran 1 ga watan Janairu na 1981 Allah ya yi masa rasuwa a Yamai, yana da shekara 45. Gwamnatin Nijar ta sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, inda ake wasanni da kiɗe-kiɗe da karatu. Masu bikin FESPACO kuma suka keɓe wata kyauta da sunansa, wadda ake ba wanda ya fi kowa a cikin masu fitowa da babban fim ɗinsu na fari. Jan Rush ya rayu bayansa shekara 23, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai. Zalika Sule ta rasu a 2021.

Finafinan da Umaru Ganda ya bari ba su da yawa, ana iya ƙirga manyansu da yatsun hannu ɗaya. Amma kafin shi, in an ga sojan Afirka ko lebura a silima, to, galibi wucewa yake yi a bayan Bature, ɗauke da bindiga ko buhu, ba suna ba magana. Umaru ya jawo wannan mutum ya tsai da shi a tsakiyar farin ƙyalle, ya ba shi suna, ya bar shi ya yi magana da harshen uwarsa, ya faɗi abin da aka yi masa da abin da ya yi wa kansa. Yaran da suke shirya finafinan Hausa a Kano da Kaduna da Jos, ko sun san shi ko ba su san shi ba, hanyar da irinsu Umaru suka share suke bi.

Allah ya jiƙan Umaru Ganda, ya gafarta masa. Waɗanda ke ci-rani kuma Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da abin hannunsa da mutuncinsa, amin.